Uban da Ba a Gani Sai da Sallah

Ranar da aure ya mutu a ƙasar Hausa akwai abubuwan da ba a mantawa da su. Za a tambayi saki nawa ne. Za a tambayi inda za ta yi idda. Dangin mace su zo da a-kori-kura a kwance gado, a ƙirga kwanuka, a yi ta cacar baki a kan firij, shin miji ne ya saya ko iyayenta. Wani gidan har labulen ƙofa sai an cire. A duk wannan hidima da wuya ka ji babba ɗaya, daga dangin miji ko na mata, ya ce a dakata a tsayar da ranar da yaran nan za su sake ganin ubansu, da inda za su gan shi, da wanda zai kai su. Ana barin maganar sai hankali ya kwanta. Kafin hankalin ya kwanta ta gama idda, shi ya yi sabon aure, ita ma manema sun fara sallama, yaron da aka rabu yana rarrafe ya shiga makaranta bai san muryar ubansa ba.

Yawancin mazanmu hanya biyu kawai suka sani bayan rabuwa. Ko uba ya karɓe 'ya'yansa, wani ma ana yaye yaro zai aiko a ɗauke shi a miƙa wa matar uba ko tsohuwarsa, ko kuma ya bar su wurin uwar ya juya baya, sai ka ce da su aka rubuta a takardar sakin. Hanya ta uku ita ce yaro ya zauna wurin uwarsa, uban kuma ya ci gaba da zama uba: yana ciyarwa, yana zuwa, ya san ajin da yaron yake, ya san zazzaɓin da ya kwantar da shi makon jiya. Wannan ce ba mu yi mata al'ada ba, ba mu tanadar mata wuri ba, ba ma koya wa samari ita. Ita ce kuma hanyar da littattafan da ake karantawa a zaurukanmu suka shimfiɗa tun kafin a haifi kakanninmu.

Duk wanda ya yi Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malami ya wuce ta babin da aka yi maganar riƙon yara. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ke da riƙo bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, riƙon yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a gangaro ga dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa suna kan uba duk tsawon wannan lokaci. Mutane da dama sun san wannan, musamman matan da suka taɓa tsayuwa gaban alƙali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya rabin hukuncin. Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu ke dogara da shi, ya bar wa uba abubuwa uku alhali yaro yana hannun uwarsa: ya riƙa bibiyar halin da yake ciki, ya yi masa tarbiyya, ya kai shi makaranta. Masu sharhi suka ƙara bayani cewa yaro zai iya wuni wurin ubansa don waɗannan, amma kwana sai wurin mai riƙo. Wato malaman nan ba su taɓa ɗauka cewa barin yaro wurin uwa yana nufin uba ya fita daga rayuwarsa ba. Sun hango uba mai zuwa, mai riƙe hannun ɗansa zuwa makaranta da safe ya mayar da shi da yamma.

Akwai ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wadda ya kamata kowane magidanci ya sani. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka yi jayayya, har magana ta kai gaban Sayyidina Abubakar. Abubakar ya yanke cewa a bar mata yaron, Umar kuma bai ja ba. Ina kawo wannan ne saboda tsoron da ke cin zuciyar maza da yawa, cewa in ka bar ɗa a dangin uwa ka yi asararsa. Asimu ya girma ɗan Umar, da sunan Umar aka san shi, kuma 'yarsa ce ta haifi Umar ɗan Abdul'azizu. Zama wurin kaka bai raba shi da ubansa ba.

To mu yaya muke yi? Wanda ya zauna a unguwa ya taɓa ganin irin wannan. Washegarin ƙaramar sallah, bayan la'asar, mutum ya tsayar da babur nesa kaɗan da ƙofar gidan tsoffin surukansa. Ba ya ƙarasawa zaure. Ya yafito wani yaro da ke wasa ya ce, "Shiga nan gidan ka ce yaron nan ya zo, in ji babansa." Sunan ma ba ya faɗa, don ɗan fari ne. A jima kaɗan sai ga yaron ya fito cikin kayan sallar da kawunsa ya ɗinka masa, ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Kana dai karatu ko?"

"Ina yi."

"Aji nawa kake yanzu?"

"Uku."

"Madalla. Ka riƙa jin magana."

Sai shiru. Uban ya laluba aljihu ya zaro sababbin kuɗi, yaron ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya. "To, ka gai da mutan gidan." Ya tayar da babur. Minti biyar ba a cika ba. Yaron yana shiga gida tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Nawa ya ba ka?" In kuɗin sun yi kaɗan, a gabansa za a yi tsaki a ce dama an sani. Daga ranar ya koyi cewa ubansa baƙo ne da ake aunawa da abin da ya miƙo. Uban kuma ya koma gida yana jin ya sauke nauyi, sai babbar sallah in Allah ya kai mu.

Ba na shakkar cewa mutumin nan yana son ɗansa. Na ga maza da idonsu ke cika da ƙwalla in an ambaci 'ya'yan da ke hannun tsohuwar mata. Amma son da ke cikin zuciya yaro ba ya ganinsa. Uban da bai san ajin ɗansa ba sai ya tambaya, ya riga ya amsa wa kansa yawan zuwan da yake yi. Zumunta a ƙafa take, kuma babu zumuntar da ta fi wannan buƙatar ƙafa.

Hujjojin da ake kawowa sanannu ne. Wanda ya fi yawo a bakin maza shi ne, "Ai ɗana ne, in ya girma zai neme ni." Gaskiya ne da yawa suna nema. Saurayi zai zo neman izinin aure, budurwa za a zo neman waliyyi, sai a tashi a je a durƙusa wa mutumin da bai sayi ko littafin rubutu ba, a ce masa ga 'yarka ta isa aure. Zai zauna a sahun gaba ranar ɗaurin aure, a yi masa barka. Amma wanda ya zo ɗin babban mutum ne da ya riga ya ginu a hannun wasu, ladabi ya kawo shi. Yaron da yake buƙatar a raka shi asibiti, a tsawata masa ranar da ya fara guje wa makaranta, a nuna masa yadda ake tsayuwa a sahu, wannan yaron ya wuce, ba ya dawowa. Akwai kuma masu cewa, "Ba zan ba da kuɗina ta ci da wani ƙato ba, in tana so in ciyar ta kawo min 'ya'yana." Mai wannan magana ya mayar da cikin ɗansa abin ciniki. In da gaske tsoronsa kar kuɗi su bi wata hanya, ga makaranta nan ya je ya biya da hannunsa, ga mai shago ya aika da buhun masara, ga tela. Mafi muni a cikinsu shi ne wanda zai karɓe yaro don ya ƙona wa uwar rai, alhali ba shi da mai riƙe masa, bayan wata biyu ya ɗora shi a mota ya kai shi almajiranci wani gari. Wannan yaron ya rasa uwa ya rasa uba a shekara ɗaya, dukansu kuma suna raye.

Mata ma suna da nasu kason, kuma ɓoye shi ba taimako ba ne. Akwai uwar da ke rufe ƙofa. Za ta ce, "Wanda bai san cinsu ba bai san shansu ba, me zai gani a jikinsu?" Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana. Matar da aka kora da goyo, ta koma ɗakin uwarta, tana wankau ko sayar da awara don ta biya kuɗin makaranta, ba za ka ce mata kar ta ji haushi ba in mutumin ya ɓullo da sallah yana neman a gaishe shi. Tun a watan Janairun 2009 zawarawan Kano ƙarƙashin jagorancin Hajiya Altine Abdullahi suka shirya fitowa titi su kai kukansu, hukumar Hisbah ta hana gangamin, kuma rashin ciyarwa yana cikin manyan abubuwan da suka tayar da su. Kukan gaskiya ne. Sai dai ciyarwa haƙƙin yaro ce, ganin ubansa ma haƙƙinsa ne. In uba ya danne na farko, uwa ta hana na biyu, yaron ne aka yi wa asara biyu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, ita ce kuma ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Kuɗin ciyarwa a kotu ake binsu, da dattawa ake binsu, kuma ya kamata a bi su da ƙarfi. Zagin uba a kunnen ɗansa ba ya kawo sisi. Yaro ya san jinin wa yake. In kullum ana ce masa ubansa mutumin banza ne, wata rana zai fara duba kansa.

Akwai wata matsala da ba ta mugunta ba ce, ta wuri ce, kuma ita ce ta fi kashe ziyara a gidajen da babu mai nufin sharri. Ina za a haɗu? Namiji ba ya shiga gidan tsoffin surukai yadda ya saba, kunya da nauyi sun hana. In ta yi aure ta tafi da yaron a matsayin agola, to ƙofar wani namijin ce, kuma sabon miji yana iya cewa, "Ban yarda tsohon mijinki ya riƙa tsaya min a ƙofar gida ba." Waya ma ba ta warware ba. Yaro ɗan shekara shida ba shi da waya, ta uwarsa ce, don haka kiran ɗa ya zama kiran tsohuwar mata. Sabon miji ya ga lambar ya ɓata rai, amaryar uban ta ga lambar ta tayar da rigima. Uban da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal, wanda muryar ce kaɗai abin da zai iya aikowa kowane mako, sai ya haƙura don a zauna lafiya. Kowa ya sami zaman lafiyarsa a kan yaron.

Maganin wannan yana cikin gidajenmu. Muna da gwaggo, muna da baffa, muna da kaka ta wajen uba. Ɗakin gwaggo wuri ne da uwa ba ta jin nauyin tura ɗanta, uba ba ya jin nauyin shiga. Yayan yaron ko ƙanin uwar zai iya kai shi ranar Juma'a da safe, ya tafi masallaci da ubansa, su ci abinci kwano ɗaya, a mayar da shi kafin magariba. Hutun makaranta ya yi mako a gidan uban, ya san 'yan ubansa tun suna ƙanana, kafin ranar da za su haɗu a gaban alƙali wajen rabon gado suna kallon juna kamar abokan gaba. Makarantar boko da ta Islamiyya ma wuri ne: babu wanda zai hana uba zuwa karɓar sakamakon jarrabawa, ko zama da malamin aji ya ji yadda yaron yake. Ga mijin da ya auri bazawara kuwa, ina ganin cikar mutuncinsa ita ce ya buɗe wannan hanya da kansa, ya ba uban lambarsa ya ce, "Malam, duk ranar da kake son yaron ka kira ni." Wanda ya auri mai ɗa ya san da ɗan ya aure ta, ya kuma san ɗan yana da uba.

Zuwan ma ya danganta da irinsa. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, Paul Amato da Joan Gilbreth, suka tattara bincike 63 da aka yi a kan iyaye maza da ba sa zaune gida ɗaya da 'ya'yansu. Suka tarar yawan ziyara shi kaɗai bai cika nuna bambanci a halin yara ba. Abin da ya tafi tare da ƙoƙarin yara a karatu da raguwar matsalolin ɗabi'a shi ne biyan kuɗin ciyarwa, da shaƙuwa tsakanin uba da ɗa, da kuma uban ya riƙa yin aikin uba, wato ya saurara, ya taimaka, ya ja layi inda ya kamata. Ƙasarsu daban, zamansu daban, amma wanda ya karanta Muhtasar ba zai yi mamaki ba, don kusan abubuwa ukun nan ne na Shehu Halil. Uban alawa da sabon kuɗi yana faranta ran yaro na wuni ɗaya. Wanda yaron ke buƙata shi ne mai buɗe jakar makaranta ya duba littafi, mai tambayar su wa yake yawo da su, wanda ya saba da shi har in ya yi laifi zai iya faɗa masa kafin ya ji a waje. Irin wannan sabo ba ya samuwa a tsaye a bakin babur. Kunyar ɗan fari da muka gada tana da ma'ana a gidan da uba da ɗa ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, inda yaro ke ganin kulawa ko ba a furta ba. Ga yaron da ke ganin ubansa sau biyu a shekara, wannan kawaicin da ƙiyayya yake kama.

Akwai iyaye mazan da bai kamata a tura musu yaro shi kaɗai ba, kuma dole a faɗi wannan a fili. Mutumin da duka ne ya kashe aurensa, ko mashayi da ba ya cikin hayyacinsa, ko wanda ya taɓa ɗauke yaro ya ɓoye, ba za a ce wa uwa ta miƙa masa ɗa don a cika zumunci ba. Irin wannan in zai ga yaro sai a gaban wani babba da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wani ma sai alƙali ya dakatar da shi har ya gyaru. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta faɗi duka biyun a sashe na 9: yaron da ba ya tare da ɗaya daga iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da shi a kai a kai, sai fa in hakan zai cutar da yaron. Amma waɗannan ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa maza ne na kirki da fushi da kunya da sabon aure suka janye a hankali, babu kuma wanda ya ce musu kul.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar wannan ga kyawun zuciya ba, a rubuta shi ya kamata. Maroko ƙasar Malikiyya ce kamar mu, littattafanmu ɗaya. Dokar iyalinsu ta 2004, wadda suke kira Mudawwana, ta ware sashe na 180 zuwa 186 ga ziyarar yaro: wanda ba ya riƙo a cikin iyaye yana da haƙƙin ya ziyarci ɗansa, a kuma kawo masa shi, in iyayen sun daidaita a kan lokuta su sanar da kotu ta rubuta, in sun kasa alƙali ya yanke rana da wuri. A Kano, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar daftarin dokar iyali a 2017, jama'a suka kama batun ƙarin aure aka yi ta hayaniya a kansa, hayaniyar ta rufe sauran abin da ke ciki na saki da ciyarwa da riƙon yara. An yi asarar muhawara mai amfani a wannan lokacin.

Amma alƙali ba ya buƙatar sabuwar doka kafin ya fara, don hukuncin yana cikin littafin da ke kan teburinsa. Duk shari'ar saki ko hul'i da akwai yara a tsakani, kafin a rufe ta a tambayi ɓangarorin biyu: wa ke riƙo, nawa ne ciyarwa kuma ta hannun wa, wace rana uba zai ga yaran, a gidan wa, wa zai kai su, yaya za a raba sallah da hutu. A rubuta, kowa ya tafi da kwafinsa. Kuɗin da aka yanke a riƙa sake dubawa, don abin da ya ishi yaro shekara uku da suka wuce yau kwanon shinkafa nawa zai saya? Yawancin saki kuwa ba ya zuwa kotu, a ɗaki ake yin sa, don haka limamin unguwa da mai unguwa da waliyyan da suka ɗaura auren su ne ya kamata su zauna wannan zama. Sun taru ranar ɗauri sun ci goro, su taru ranar rabuwa su tsayar wa yaran magana.

Hukumar Hisbah ma tana da dama a hannunta. Tun 2012 take shirya auren zawarawa a Kano, a watan Oktoban 2023 kaɗai an ɗaura aure 1,800 na zawarawa da 'yanmata. Kafin a ɗaura ana tantancewa, ana gwajin lafiya, ana binciken sana'ar ango. Da yawa daga cikin amaren nan da 'ya'ya suke zuwa, da yawa daga cikin angwayen ma sun baro 'ya'ya a wasu gidajen. A ƙara tambayoyi a takardar tantancewar. A tambayi amarya inda yaranta za su zauna da yadda ubansu zai riƙa ganinsu, angon ya sa hannu cewa ya yarda. Angon da ya taɓa saki kuma a tambaye shi yaushe rabon da ya ga nasa, wa ke biyan kuɗin makarantarsu, a kira uwar yaran ko waliyyinta a tabbatar kafin a biya masa sadaki a ba da kayan ɗaki daga asusun jama'a.